Maganin Hajiya Ladidi da Ragunan Layya

Ku yaran nan da kuke cewa aikin famasi ƙirga ƙwaya ne kawai a zuba a kwalba, ku matso kusa. Ranar Lahadi a bayan coci na ji ɗayanku yana cewa ai inji ma ya iya, wai Anti Rifkatu ta tsufa a bayan kantar shago tana lissafin da ɗan firamare zai yi. Na ji sarai, ban tanka ba ne don ina riƙe da farantin shinkafa. Yau hannuna ba komai.

A wani ƙaramin shagon magani a unguwar Glenwood, nan ƙasar Turawa, na koyi aikin, farkon shekarun casa'in, ina gama makaranta. Mai shagon wani tsohon Bature ne, Mista Lowell. Hausawan gari suka ga sunan ya yi musu nauyi a baki, suka mayar da shi Malam Lawal, shi ma yana amsawa. Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai tiren ƙirga ƙwaya da 'yar wuƙarsa marar kaifi, akwai turmin tangaran da taɓaryarsa, da wata tafireta mai cinye haruffa in ta ga dama. Sai sikeli a cikin akwatin gilashi, wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya motsa. Da na fara, tsohon nan bai bar ni na taɓa magani ba. Sukari ya ba ni in auna, in zubar, in sake aunawa, ni da na zo da digirina a hannu. Ya ce sunan magani kowa na iya haddacewa, sana'ar tana wajen sanin nawa za a sha, da yaushe, da kuma abin da ke ciki. Na riƙa zaginsa a zuciyata da Hausa, ina aunawa.

Ɗalibai ne yawancin masu shigowa, da tsofaffin unguwa masu zuwa hira su fake da sayen maganin tari. Da labari ya bazu cewa akwai 'yar Wusasa a shagon, sai namu suka fara zuwa: 'yan Kano, 'yan Jos, 'yan Nijar da takardar lokotoro, wato likita, a naɗe cikin hula. A cikinsu ne na san Hajiya Ladidi.

Hajiya daga Gusau ta zo, wankan jegon 'yarta Binta, wadda mijinta ke karatu a jami'a. Jego ya ƙare, Hajiya ta zauna rainon jika. Ranar da Binta ta fara kawo ta shagon tsakiyar bazara ce, zafin da kwalta ke laushi, amma tsohuwar nan tana cikin rigar sanyi da safa, fuska a kumbure, tana magana kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Likita ya riga ya auna jininta. Akwai wata 'yar tsoka a gaban maƙogwaro, Turawa na ce mata tayirod, ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke hura wutar jiki. Ta Hajiya ta yi lalaci, shi ya sa sanyi da barci da mantuwa suka yi mata yawa. Maganin 'yar ƙwaya ce ta kamfani, wadda ake haɗawa a masana'anta, ana sha ɗaya kullum har ƙarshen rai.

Na zuba mata, na yi mata bayani da Hausar da ba ta da gargada.

"Hajiya, da sassafe za ki sha, da ruwa zalla, ciki ba komai. Sai an jima ki karya."

Ta ce, "To."

Ku riƙe wannan "to" ɗin. Makaranta ba ta koya min shi ba.

Aka shekara ana abu ɗaya. Likita ya auna jini, ya ƙara ƙarfin ƙwaya, ya sake aunawa, ya yi tsaki, ya sake ƙarawa. Hajiya tana nan jiya i yau, tana gyangyaɗi da jika a cinya. In na tambaye ta ko tana sha yadda na ce, sai ta ce, "Ba na fashi, 'yar nan." Gaskiya ta faɗa, ba ta fashi.

Wannan ita ce shekarar da ta fi ba mu wuya. Wani katafaren shagon magani ya buɗe a kan babban titi, mai tagar da ake miƙo wa mutum magani yana zaune a mota, mutanenmu suka kwashe suka koma can. Malam Lawal ya fara sayar da katin gaisuwa da alewa don a samu na wuta. A cikin wannan hali mahaifina ya kwanta ciwo, na tafi gida jinya kafin Kirsimeti, ban dawo ba sai da hunturu ya fara sauƙi. Duk abin da ya faru a bayana, daga baya na ji shi.

Wata maƙwabciyarsu Binta, Baturiya mai kiwon kyanwoyi, ita ta ce musu ai akwai wani maganin tayirod na asali, nacural, ba na kemikal ba, ita shi ya tashe ta. Hajiya na jin an fassara mata "na asali" ta gyara zama. Ta ce dama ta san maganin Bature ba ya jin jikinta, ashe su ma suna da na gargajiya suke ɓoyewa. Binta ta roƙi likita, likita ya gaji da tsaki ya rubuta. Ba laifi ba ne, magani ne na gaske, tun kafin a haifi Malam Lawal ake ba da shi, kuma ina da masu saye da suka fi jin daɗinsa. Sauya shi ma aiki ne, don ma'auninsa daban, da ƙwayar hatsi ake lissafa ƙarfinsa irin na mutanen da, kuma dole a koma a auna jini bayan 'yan makonni. Malam Lawal ya yi duk wannan daidai. Binta ta tambaye shi ko da gaske nacural ne, ya ce ƙwarai kuwa. Abin da bai zo masa a rai ya faɗa ba shi ne daga jikin wa aka ciro shi.

Ranar da na dawo aiki, sai ga wata mata ta banko ƙofa, ba rigar sanyi, goyo a baya, kwanon masa a hannu. Sai da ta yi magana na gane Hajiya ce.

"Rifkatu, ya mai jiki? Kin gan ni? Azumin bana ban ji shi ba. Ni ke dafa wa masallaci kunu. Ungo kwalbar, ƙaro min irinsa. Har ƙamshinsa na gida ne, kamar kilishin da ya kwana biyu."

Na karɓi kwalbar na karanta abin da aka rubuta a jikinta. Busasshen tayirod ne da ake niƙawa a buga ƙwaya, kuma na alade ne. Na dubi Malam Lawal, yana can yana jera katin gaisuwa yana fito. Tsoro ya kama ni, ba na ɓoye muku. Ga mace ta warke a gabana, ga masa da zafinta, kuma ni Kirista ce zan buɗe baki in gaya wa Hajiya abin da ta yi azumi guda tana haɗiya. Amma abin da ke cikin kwalba haƙƙin mai sha ne ya sani. Na jawo mata kujera.

"Hajiya, zauna. Maganin nan daga wuyan dabba ake ciro shi."

"Ai na ji a hanci. Wace dabba?"

"Alade."

Ba ta yi ihu ba. Ta kwance goyon a hankali ta miƙa min yaron, ta fita waje, ta tsaya a bakin kwata tana kakari, ba abin da ya fito. Ta dawo ta nemi ruwa ta kurkure baki. Sannan ta tambaye ni, cikin natsuwa, ko alade ne kaɗai Allah ya ba wannan tsoka.

Na ce a'a, kowace dabba tana da ita.

"Rago ma?"

"Rago ma, Hajiya."

Ta ce, "To," ta ɗauki jikanta ta tafi. Masar ta bar min.

Daga ranar Hajiya ta daina shan kowace irin ƙwaya. Limaminsu ya je har gida ya gaya mata ba ta da zunubi tunda ba ta sani ba, sallarta da azuminta suna nan, ta koma wa na kamfanin tunda akwai shi. Ta ce Liman ya yi gaskiya, Allah ya ƙara sani, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. In Bature ya iya sa alade a ƙwaya ɗaya, me zai hana shi sa wa a sauran? Ni kuma na zauna da wayar shago ina kiran kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar abin da ke cikin kowace ƙwaya da Musulmin garin nan ke karɓa a hannuna. A nan na gano bawon kafso ma wani zance ne, don akwai wanda daga jikin alade ake yin sa. Na kai wa Hajiya bayani har gida, ta saurara, ta ce "to," ta ja bargo. Sanyi ya dawo, fuska ta sake kumbura, ana mata magana tana barci. Na gaya wa Binta ba wasa ba ne, in aka bar shi haka zuciya ce za ta yi ta sanyi har ta tsaya.

Sai Babbar Sallah ta zo. A lokacin mazan garin wata gona suke zuwa a Pleasant Garden, wajen wani manomi mai sayar musu da raguna ya bar su su yanka a bayan rumbunsa. Mata ba sa zuwa. A wannan shekara Hajiya ta ce ƙafarta ƙafar surukinta. Ta shiga mota da rigar sanyi da roba mai murfi. Ta samu wani ɗalibi mai karatun dabbobi ta sa ya nuna mata tsokar a wuyan ragon farko, ta duba da kyau, daga nan ba ta sake neman kowa ba. Rago bayan rago take bi, alhazai na fiɗa tana tsaye a kansu.

"Alhaji, barka da Sallah. Ba na son cinya, ba na son hanta. Ɗan abin wuyan nan za ka ba ni sadaka."

Wa zai hana tsohuwa abin da dama zubarwa ake yi? Manomin ma, da ya ga haka, ya ɗauka wani rukuni ne na addini, ya cire hularsa.

Ta dawo ta yanyanka su sirara, ta shanya a kan ragar taga, ta ɗora a saman motar surukinta. Kyanwoyin maƙwabciya suka yi taron da ba a gayyace su ba, sai ta koma ta ƙarasa busarwa a oben ɗin gashi. Ta daka, ta tankaɗe, ta zuba citta da ɗan barkono, don a ganinta maganin da ba ya yaji ba ya aiki. Ranar wata Talata ta dire min gwangwanin madara cike da garin a kan kantar shago.

"Ga shi, halal ne, da bismillah aka yanka. Ki buga min shi ƙwaya-ƙwaya irin wancan."

Na buɗe, warin ya cika shagon. Malam Lawal ya matso ya leƙa, na fassara masa, sai idonsa ya kawo ruwa. Wai kakansa haka yake yi a zamanin da, bai taɓa zaton zai gani da idonsa ba. Na ce masa ya koma wajen katinsa.

"Hajiya, ba zan buga ba. Na kamfani ana auna ƙarfin kowane kaso kafin ya fito. Wannan ba wanda ya san ƙarfinsa. Wani ragon tsoho ne, wani matashi. Tsunkule ɗaya zai iya zama ba komai, zai iya zama na mako guda."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tun ba a haife ki ba nake zuba kanwa a miya, ban taɓa aunawa ba."

"Kanwa in ta yi yawa miya ce ke lalacewa. Wannan zuciyarki ce."

Muka yi ta ja. Na ɗaga murya, ita ba ta ɗaga ba. A ƙarshe ta tura min gwangwanin ta ce in riƙe tunda na fi ta sani, ta ce "to," ta fita. Na kira likitanta, na kira Binta, na ce an rabu da bala'i. Ashe da sauran rina a kaba. Wace mace ce za ta fito da duk abin da ta daka? Gwangwani na biyu yana bayan buhun shinkafa.

Da farko gidan murna suka yi, sun ɗauka addu'a ce ta ci. Hajiya ta cire rigar sanyi. Ta share gidan, ta share baranda, ta share gaban gidan maƙwabta har zuwa inda bas ke tsayawa, ɗalibai suna ɗaga ƙafa tana wucewa da tsintsiya. Ta wanke labulen da aka wanke jiya. Ta kunna fanka ta zauna a gabanta tana zufa, tana ci kamar gara tana ramewa, kofin shayi na rawa a hannunta. Wata rana da azahar wayar shago ta yi ƙara, Binta ce tana kuka, rabi Hausa rabi Turanci. Mama ta faɗi wajen shanya, suna imajensi a asibiti, zuciyarta na gudu ba tsari, kuma ta datse haƙora ta ƙi karɓar komai.

Na bar wa Malam Lawal shagon na tafi da farar rigata a jiki. Na tarar da ita an manna mata wayoyi a ƙirji, injin da ke gefenta yana ƙara kamar an taka wutsiyar kare. Nas tana tsaye da ɗan kofi da ƙwaya a ciki, wadda za ta rage gudun zuciyar. Allura ma ta hana, ta ce ruwan ciki wa ya san na mene ne. Likita ya ce min in ba ta karɓa da daɗi ba, abin zai iya zama shanyewar jiki ko abin da ya fi haka.

Hajiya ta gan ni, ta yafito ni da yatsa.

"Rifkatu, shinshina min."

"In yi me, Hajiya?"

"Ku kun san warinsa, tunda kuna ci. Shinshina ki gaya min."

Raina ya ɓaci, a gaban injin da komai.

"Hajiya, ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa sa alade a bakina ba. Gidanmu a Wusasa ko tukunyar da aka dafa shi ba ta shiga. Ƙwayar nan na san ta, na tambayi masu yin ta da bakina, babu shi a ciki. Amma hancina bai san komai ba."

Ta dube ni, numfashinta sama-sama.

"Ashe ba kya ci."

"Ba na ci."

"To ba komai. Wadda ta iya kallon idona ta ce min na ci alade, ba za ta yi min ƙarya a kan 'yar wannan ba. Amma dai ki shinshina."

Na karɓi kofin daga hannun nas, ni da digirina da lasisina, na kai hanci na ja numfashi kamar mai sayen daddawa. Na ce babu. Ta buɗe baki. Muna tsaye har ƙarar injin ta fara lafawa, Binta ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Sai da ragunan suka gama fita daga jininta, makonni bayan haka, likita ya ce a koma wa ƙwayar kamfani. Na je gidan da kaina da kwalbar. Wannan karon ban tambaye ta ko tana sha yadda na ce ba. Na ce ta nuna min yadda take shan na farkon, tun daga tashi barci.

Ta ce ai sai ta dama kunun kanwa, ta zuba madara, ta sha ta ƙoshi, ta kawo maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi ta haɗa da shi ta kora. Kowa ya san ba a shan maganin Bature ciki ba komai, kayar da mutum yake yi.

Madara, kanwa, maganin jini, maganin ƙashi. Duk abin da ke kama ƙwayar nan a ciki ya hana ta shiga jiki, Hajiya ta tara su a kofi ɗaya, shekara guda.

"Na aladen fa?"

Ta tofar da yawu gefe. "Wannan ai na ɗauka na gargajiya ne. Na gargajiya da asuba ake sha, kafin a sa komai a baki."

Na ce, "Hajiya, ba haka na ce ki yi da na farkon ba?"

"Kin faɗa. Na ga yarinya ce ke, ban so in kunyata ki a gaban ubangidanki ba."

Na haɗiye abin da ya zo min baki, don a haife ta haife ni. Na ce to daga yau wannan ma na gargajiya ne, da asuba, da ruwa, kunu sai rana ta fito, maganin jini sai yamma. Ta ce da na faɗa mata haka tun farko ai da ba a wahalar da raguna ba. Ƙarfin da likita ya sa mata a ƙarshe bai kai na da ba, kuma ya ishe ta. Ko na aladen ya fi dacewa da jikinta, ko asubar ce kawai ta yi aiki, ban sani ba, ba kuma za a sake gwadawa ba.

Ta yi shekaru a garin nan kafin ta koma Gusau da ƙafarta. Babban shagon nan mai taga ya fi mu araha, Binta ta sha gaya mata, ta ce wa zai shinshina mata a can. Duk wata sai ta zo, in zuba ƙwaya a tire, in ƙirga, in juye a kwalba, ta tsaya ta harɗe hannu. Turawa na layi a bayanta suna kallo, ni kuma in buɗe murfin in kai hanci in ce babu. Wata tsohuwar Baturiya ta ga haka har ta fara miƙo min tata kwalbar. Malam Lawal bai taɓa yin dariya ba, ya ce wannan ma cikin aikin ne.

To kai mai cewa inji ya iya, je ka tambayo min injin. In tsohuwa ta dube shi ta ce "to," wanne daga ciki take nufi?